Wa Ya Cancanci Ɗan Kwikwiyo?

Bara, ƙarshen watan Satumba, muna zaune a fadarmu da dare ana jiran shayi na biyu, sai saƙon murya ya shigo salulata. Ɗan kawuna ne da ke karatu a Faransa shekara uku ke nan. Na ɗauka gaisuwa ce, na saki murya kowa na ji. Minti shida yana magana kamar wanda aka koro daga gidan surukai. Wai kare ya je nema aka hana shi.

Can ƙasar akwai gidajen da ake tara karnuka da kyanwoyin da masu su suka yar, wanda ke so ya zo ya ɗauka. Shi kuwa kaɗaici ya ishe shi, ga shi da kare ya tashi tun a ƙauyenmu na wajen Garhanga, sai ya shirya ya tafi ɗaya daga cikin gidajen. Yana tsammanin za a ce masa zaɓi wanda ka ga dama, Allah ya saka. Sai aka zaunar da shi aka miƙo takarda. Gidan da kake ciki naka ne ko haya? Mai gidan ya yarda? Akwai fili, an kewaye shi? Awa nawa kake yi a waje kullum? Nawa kake samu a wata? In ka tafi ganin gida, wa zai riƙe karen? Ka taɓa riƙon kare, yana ina yanzu, me ya kashe shi? Ya faɗi gaskiya: ɗaki ɗaya a hawa na huɗu, awa goma tsakanin makaranta da wankin kwanoni a gidan abinci. Matar ta yi masa murmushi, ta ce ya dawo in zamansa ya sake.

"Ni da niy yi kiwon awaki arba'in tun ina ɗan shekara bakwai," in ji shi, "ni za a ce ma ban iya riƙon kare ba?"

Fada ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wanga ai neman aure ne, saura su ce ka turo magabata." Wani ya ce mutum in ya ƙoshi, shi ke ƙera wa kansa matsala. Ni na fi kowa dariya, har na zubar da shayina. Shi ya sa nake ganin ni ya kamata in rubuta wannan, don wata bakwai bayan daren nan dariyar ta koma mini ciki.

Kafin in kai can, ga abin da ke bayan takardar. Faransawa sun daɗe da wannan harka: babbar ƙungiyarsu ta jinƙan dabbobi, SPA, tun 1845 aka kafa ta, kuma a ƴan shekarun nan dabba fiye da 40,000 take karɓa duk shekara. Da yawa lokacin hutun bazara ake yar da su, mutum zai tafi shan iska bakin teku, karen ya zame masa kaya. A watan Nuwamba 2021 suka yi doka a kan cutar da dabbobi, kuma daga 1 ga Oktoba 2022 duk wanda zai ɗauki kare ko kyanwa sai ya sa hannu a wata takardar alkawari da ke cewa ya san abin da dabbar ke buƙata, sannan ya jira kwana 7 kafin a ba shi. Ban da wannan akwai kuɗin da ake biya na rigakafi da fiɗiya da alamar shaida, wanda ga kare yakan haura yuro 200. A lissafinmu jika 131 ke nan da ƴan kai, fiye da albashi mafi ƙanƙanta na wata uku a Nijar. In ka ji haka kana zaune a Adar, inda ake roƙonka ka ɗauke ɗan kwikwiyo don a huta, dole ka yi dariya. Ban ga laifin fadarmu ba.

To, muna da karya a gida. Karya nake nufi, macen kare, a kula da ƙugiyar harafin kada fotokwafi ta mai da ni maƙaryaci. Cikin sanyin Disamba ta haifi ƴaƴa shida a bayan rumbu. Inna ta ce kafin su fara cin tuwo in san yadda zan yi da su, don gidanmu ƙanzon baki ɗaya yake da shi. Cikin mako guda na rabar da su duka. Duk wanda ya ce yana so, na miƙa. Biyu suna hannun wani makiyayi, suna nan lafiya har yau. Ɗaya mota ta take a hanyar Tamaske. Biyu yara suka kwasa, ban ƙara jin labarinsu ba, ban kuma tambaya ba. Na shidan, ja mai fararen ƙafafu, wanda ya fi su wayo, shi na ba ƙanen abokina da ke gadin garkar albasa a fadama.

Na san yaron. Wannan ita ce maganar da na fi jin nauyin rubutawa. Na san ya taɓa kulle tantabarunsa ya tafi kasuwar Buza kwana biyu, ya dawo ya iske rabinsu a mace. Na taɓa ganinsa yana ɗora wa jaki kaya bisa miki. Ba mugu ba ne, yana da fara'a, yana gaida mutane. Abin da bai iya ba shi ne tuna abin da ba ya gabansa. Da ya ce mini, "Yaya, ka ba ni jan nan," na ji wani abu ya motsa a zuciyata, amma wansa na zaune kusa da ni muna shan shayi ɗaya. Me zan ce? Sai na ce ɗauki.

Ya ɗaure shi da waya a jikin turke bakin garka, don ya yi haushi in ɓarawo ko bisashe sun zo. Karen ya yi aikinsa wata uku. Afrilu ta yi, aka cire albasa, aka zuba a buhu, motoci suka kwashe. Yaron ya samu kuɗin mota, ya tafi biɗa Libiya kamar yadda rabin samarin garinmu ke yi. Ya yi sallama da uwarsa, ya yi da abokansa, ya yi da ni ma. Bai gaya wa kowa akwai kare a ɗaure ba. Kun san Afrilun Keita, zafin da ke haura 40, duwatsun nan baƙaƙe kamar an fito da su daga maƙera. Yara masu kiwo suka gano shi. Da na je, na ga yankakken bidon da ake zuba masa ruwa a bushe, na ga ramin da ya tona a gindin turken yana neman sanyi, na ga inda wayar ta ci wuyansa. Rijiyar garkar ba ta kai taku ashirin daga wurin ba.

Da na ba da labari a fada, aka ce mini abin da ku ma watakila kuke cewa yanzu. Kare ne fa. Kyauta in ta fita hannunka ta fita, alhakin na wanda ya ɗaure ne. Kuma kowa da ajalinsa. Na so ƙwarai in yarda, don maganar tana wanke ni tas.

Amma mu duba kyautar nan. In na ba ka riga, mu biyu ne a cikin maganar. Ka sa ta, ka yaga ta, ka share takalmi da ita, ba wanda ya cutu sai kai, sai ɗan ɓacin raina. In na ba ka abu mai rai, mun zama uku, na ukun kuwa ba shi da baki. Ba a tambaye shi ba, ba ya iya cewa a'a, ba ya iya kai ƙara wurin mai gari. Kunyar da ta hana ni magana a daren nan tsakanin masu baki biyu take, ni da yaron, da wansa a gefe. Na sayi zaman lafiyata da su, wanda ba shi da baki ya biya kuɗin. In an ce kunya ado ce na yarda, amma wannan da wuyan wani na yi adon.

Maganar ajali gaskiya ce, sai dai ban taɓa ganin wanda ya kawo ta ranar ba da bashi ba. Manomin albasa in ɗan kasuwa ya ce ba ni buhu hamsin in na dawo daga Abijan in biya, sai ya tambayi uban mutumin, da garinsu, da wanda ya taɓa ba shi bashi ya biya. Ranar aure ma haka, har kakannin kakanni ake tonowa. Ke nan mun iya bincike, ba Bature ya ƙago shi ba. Muna yin sa inda hasarar za ta faɗo kanmu, mu bar shi inda za ta faɗa kan wani.

Mun kuma san abin da muka karanta a makarantar allo da zauren malam. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ni wannan kashi na biyun ya fi tsaya mini a rai. Karen gari da ke yawo ba ya jiran kowa, ya san mahauta, ya san bakin tabki, ya san gidan da ake zubar da ƙanzo. Ran da ka ɗaure shi ka ƙwace masa wannan duka, ƙishirwarsa ta dawo wuyanka. A littattafan nan biyu kuma akwai mutumin da aka gafarta wa don ya cika takalminsa da ruwan rijiya ya shayar da kare. Masu cewa ai kare ƙazanta ne su koma wurin malamansu: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai kuwa bin umarni ne. An yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Malamai ma na ba da labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, cewa shi kansa ya ajiye kare a gida lokacin da tsaro ya lalace.

Akwai wani abu a fiƙihun nan da ban lura da shi ba sai bayan mutuwar jan karen. Mashhurin zance a mazhabarmu shi ne ba a sayar da kare, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda aka yarda a riƙe. Shi ya sa a ƙasarmu kare kusan kullum kyauta yake tafiya daga hannu zuwa hannu. Akuya tana da kuɗi, wanda ya biya jika ashirin zai tuna da ita ko don kuɗinsa. Kare ba shi da wannan kariyar. Abin da ke tsakaninsa da mugun hannu ɗaya ne tak: hankalin wanda ke bayarwa.

Sai na tuna da wani dattijo Buzu, abin da na manta shekara da shekaru. Ina ɗan shekara goma sha biyu dila ta addabi tumakin kawuna, aka ce masa akwai mai karnuka na ƙwarai a wani zango arewa da Ibohaman. Irin dogayen nan ne sirara masu ƙirji mai zurfi, waɗanda Buzaye ke kira oska. Turawa sun fara kai su ƙasashensu a shekarun 1970, suka ba su sunan Azawak, sunan kwarin nan da ke arewa da mu, wanda shanunmu jajaye ma suke amsawa. Yau a Turai da Amurka kuɗi mai yawa ake sayensu. Kawu ya ɗauke ni muka tafi.

Zuwan farko dattijon ya yi mana shayi uku, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, ya ce ƴaƴan suna shan nono tukuna, mu dawo. Zuwa na biyu ya fara tambaya, a hankali, kamar hira. Wa ke tatsa a gidanka? Akwai nonon da za a raga mishi? Ɗiyanka suna jifar karnuka? Kana tahiya biɗa da rani? In ka tahi, wa ka bari gida? Kawu ya amsa yana haɗiye fushi. Dattijon ya ce to, ya ji, mu sauka lafiya. A hanya kawu ya yi ta faɗa, yana cewa ko ɗiyarsa yake nema ai an gama magana. Ya rantse ba ya komawa.

Bai koma ba kuwa. Ran kasuwa sai ga dattijon a ƙofar gidanmu ba sanarwa. Ya ƙi shiga zaure, ya ce a kai shi wurin bisashe. Ya duba kwamin ruwan tumaki. Ya je wurin jakin kawu, ya ɗaga tsumman da ke bayansa, ya shafa da hannu, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya buɗe jakar fatar da ke rataye a kafaɗarsa ya fito da ɗan kwikwiyo. Kawu ya sa hannu aljihu, dattijon ya ɗaure fuska ya ce, "Kak ka ɓata muna zumunci." Bayan shekara guda ya sake biyowa, ya kira karen da wani irin sauti, karen ya zo da gudu. Ya duba haƙoransa da tafin ƙafarsa, ya sha hura, ya tafi.

Yau in na jera tambayoyin dattijon nan kusa da na matar da ta hana ɗan kawuna, sai in ga kusan rabinsu ɗaya ne. In ka tafi wa zai riƙe shi, su duka sun tambaya, kuma ita ce tambayar da da na yi ta, da jan karen na nan. Kwana 7 na dokar Faransa da je-ka-ka-dawo na dattijo aiki ɗaya suke yi. Sha'awar ɗan kwikwiyo ba ta wuce kwana uku, kare kuwa yakan yi shekara goma ko fiye. Wanda ya dawo bayan sha'awar ta huce, shi ne mai so.

Inda suka rabu shi ne abin da kowa ke aunawa. Dattijon bai tambayi kawu ko gidansa kewaye yake ba, shi kansa a tanti yake kwana. Bai tambayi kuɗinsa ba. Bayan jaki ya duba, don jaki shi ne dabbar da ba wanda ke kyautata wa don a gani. Ita kuwa takarda ba ta iya ɗaga tsumman jaki. Abin da ake iya rubutawa a layi take tambaya, fili da albashi da awowi, waɗannan kuwa dukiya suke nunawa. Mai babban gida da ba ya tuna abin da ba ya gabansa zai wuce salin alin. Ɗan kawuna, wanda na sha gani yana ɗauko ɗan akuya a kafaɗa daga bisan dutse, yana tauna ganye yana ɗaure mata karaya, ya faɗi. Har yanzu ina ganin an zalunce shi, ko da yake awa goma a ɗaki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga kare, kuma shi ma daga baya ya yarda da wannan. Da an yi hira da shi maimakon takarda, da watakila an ba shi tsohon kare mai son barci, an huta. Can Amurka ma gidajen dabbobi da yawa sun fara rage dogayen takardun nan suna komawa ga hira, don sun ga masu haya da talakawa suke kora, dabbobin kuma suna tsufa a keji, wasu a kashe su don wuri ya cika.

Mu a Keita bai kamata a koya mana cewa talauci ba ya nuna wanda zai riƙe amana ba. Da aka fara furojen Keita a 1984, bayan fari, da kuɗin Italiya da taimakon FAO da abincin PAM, maza da yawa sun tafi biɗa. Mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, suka dasa itatuwa miliyoyi. Kakata na cikinsu. Ba ta da takardar gida, ba ta da albashi, ba ta iya sa hannu. Da takardar Faransa aka ba ta, ko kaza ba za a ba ta ba.

Fulani kuma suna da habbanaye. Mai shanu ya ba wanda ya rasa karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wurin, ƴaƴan nasa, uwar ta koma gida. Ƙungiyoyin agaji sun ari tsarin suna raba wa mata awaki da shi a jihar Tawa da wasu wurare. Talaka ake ba, da gangan. Abin da ke tsare saniyar shi ne mai ita bai wanke hannunsa ba. Zai gan ta a rijiya, zai gan ta a mashekari, wata rana za ta dawo gabansa kowa ya ga yadda aka riƙe ta. Ko a garuruwanmu in ka ba mace kiwon tunkiya, kana leƙawa. Ni na ba da kare wata huɗu, garkar ba ta kai tafiyar rabin awa ba, ban taka ba ko sau ɗaya. Ko da na kasa tambaya ranar farko, ƙafata ba ta karye ba.

Kada in yi mana kirari da yawa. Hanyar dattijo tana aiki ne inda kowa ya san kowa. Matar can ba ta san Garhanga ba, ba ta da ran kasuwar da za ta biyo ta ga jakin kowa, mutum ɗari ke zuwa mata a wata. Takardarta ƙoƙari ne na wanda ba shi da gari. Mu ma in Yamai ta ƙara girma, can za mu. Kuma sanin juna da muke taƙama da shi yana da nasa zalunci, wanda ya fi na takarda ɓoyuwa. A nan ana hana mutum abu don ɗan wane ne, don sana'ar kakansa, don wata magana da aka yi a kan uwarsa shekara talatin da suka wuce. Takarda ko ba komai tana gaya maka dalilin da aka hana ka. Mu sai a ce maka ƴaƴan suna shan nono tukuna, har abada. Ban san yawan mutanen kirkin da dattijon nan ya mayar hannu wofi don bai san danginsu ba.

Akwai kuma mutanen da ba sa cikin cinikin amma abin na shafarsu. Karen da aka ba wanda ba ya kula, in bai mutu a turke ba, gari yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamun ciwon suka bayyana, an gama. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, ciwon na yankewa. Ƴaƴan nan biyu da yara suka kwasa daga hannuna, ban san ko suna cikin waɗanda ke bin ƴan lakwal da safe ba.

Yanzu ga inda alƙalamina ya so ya tsaya, na tilasta masa. Ba kare kaɗai muke bayarwa ba. Muna ba da ɗiya riƙo. Gwaggo ta zo daga birni ta ce a ba ta yarinyar nan ta taya ta zama, za ta sa ta lakwal. Malam zai tafi ci rani da almajirai, a haɗa masa da ɗan shekara bakwai da allo da ƙwarya. Riƙo abu ne mai kyau a asalinsa, kada wani ya ce na zage shi. Ya raya marayu, ya ba wadda ba ta haihu ba ɗa, da yawa cikin masu karanta wannan ɗan littafi a gidan kawu ko gwaggo suka yi karatu, da ba don haka ba da ba su san biro ba. Amma ku gaya mini gaskiya, uba nawa kuka sani da ya yi wa mai ɗaukar ɗiyarsa ko rabin tambayoyin da Buzun nan ya yi a kan ɗan kwikwiyo? Ina za ta kwana? Wa ke cikin gidan? Lakwal ɗin wace ce, a nuna mini? Uba nawa ya biyo ran kasuwa ba sanarwa? In ka tambayi ƴar'uwarka haka, ta ce ka zarge ta, zumunci ya ɓaci. Sai a yi shiru, a ce ai gida ne. Akwai yarinyar unguwarmu da aka kai riƙo da alkawarin karatu, ta dawo bayan shekara huɗu ba ta iya rubuta sunanta, amma ta san kuɗin kowane irin talla. Uwarta ta gani, ta yi kuka a ɗaki, ta fito ta yi wa gwaggon godiya. Kunyar da ta kama ni a fada ita ce wannan, ba wata ba. Ba ina haɗa ɗan mutum da kare ba ne, Allah ya kiyaye. Cewa nake hannun da ya saba miƙa mai rai ba tambaya, ba ya sake hali don abin da ke cikinsa ya ƙara daraja.

Disambar da ta wuce karyarmu ta sake haihuwa, biyar wannan karon. Na ce wa duk mai so ya dawo bayan mako biyu. Mutum tara suka tambaya, huɗu suka dawo. Na je gidajensu da sunan gaisuwa, ina satar kallon jaki da kwamin ruwa, ina jin kaina kamar ɗan sandan ciki. Na ce ba a ɗaure mini shi da waya, in za a yi tafiya a maido mini, kuma in ya kai wata uku mu kai shi wurin likitan dabbobi tare. Uku na ba. Na huɗun maƙwabcinmu ne, dattijo, sa'an babana, wanda na san yadda yake da bisashensa. Na ce masa, "Baba, a yi mini haƙuri, an riga an yi alkawarinsu." Ƙarya na yi, mai ƙugiya wannan karon, kuma ya gane. Ya ce, "Yaro, yau ni ka hana ma kare?" Ya kai ƙarata wurin babana, babana ya yi mini faɗa a gabansa, ya kuma ce da ni da dare in yi abin da na ga ya dace. Maƙwabcin har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa.

Makiyayin nan na bara ya zo ya ɗauki ɗaya. Saura ɗaya a gida, mace, mai baƙin baki, ta cinye takalmin inna na roba ranar Juma'a. Inna ta ba ni zuwa ƙarshen wata.